Shigar Kuroshiya ƙarƙashin sarautar Hungari

Shigar Kuroshiya ƙarƙashin sarautar Hungari ta faru ne tsakanin shekarar 1091 da 1102, lokacin da sarakunan gidan Árpád na Hungari suka faɗaɗa ikonsu zuwa gaɓar Tekun Adiriyatik. Tun daga nan ƙasashen biyu suka kasance ƙarƙashin sarki ɗaya har zuwa 1918.

Asali

Sarkin Kuroshiya Zvonimir ya mutu a 1089 bai bar magaji ba. Stjepan na biyu da ya gaje shi ma bai daɗe ba ya mutu, gidan sarautar Trpimirović ya ƙare. Matar Zvonimir, Jelena, 'yar'uwar sarkin Hungari Ladislaus na ɗaya ce, kuma da wannan dangantaka Ladislaus ya kafa hujjar neman gadon sarautar. Ya shigo da runduna a 1091, ya naɗa Álmos, ɗan ɗan'uwansa, ya riƙe masa ƙasar. Harin da ƙabilar Kuman ta kai wa Hungari ya tilasta masa komawa gida. Wajen 1094 ya kafa kujerar bishop a Zagreb.

Zamanin Coloman

Wani sashe na manyan Kuroshiya sun goyi bayan Petar Snačić a matsayin sarki. Coloman, magajin Ladislaus, ya ci shi da yaƙi a Dutsen Gvozd a 1097, inda Petar ya mutu. An naɗa Coloman sarkin Kuroshiya da Dalmatiya a garin Biograd a 1102. A 1105 biranen Zadar da Trogir da Split suka yi masa mubaya'a.

Saɓanin masana

Masana tarihi sun saɓa a kan ko mamaya ce ko yarjejeniya. Wata takarda mai suna Pacta conventa ta ce shugabannin ƙabilu 12 na Kuroshiya sun karɓi Coloman bisa sharaɗin su riƙe filayensu ba tare da biyan haraji ba, su kuma taimaka masa da mayaƙa. Sai dai kwafinta mafi daɗewa na ƙarni na 14 ne, shi ya sa da yawa ke shakkar ingancinta. Duk da haka, Kuroshiya ta ci gaba da riƙe dokokinta da majalisar manyanta, Sabor, da hakimi mai laƙabin ban da ke wakiltar sarki. A ƙarni na 19 'yan kishin Kuroshiya sun dogara da takardar wajen kare 'yancin ƙasarsu a gaban Hungari.