Gaiwa da Tarihin Binciken Numfashin Kifi

Gaiwa doguwar kifi ce mai huhu, da ake samu a Gulbin Rima da tafkunan fadamar Sakkwato. Sunanta na kimiyya Protopterus annectens. Tana da mashaƙa a gefen kai irin ta sauran kifaye, sai dai ta ƙanƙance har ba ta isarta, dole ta riƙa tasowa jifa-jifa tana haɗiyar iska. In aka hana ta tasowa, cikin ruwan za ta mutu.

Masunta sun riga masana saninta. Idan ruwa ya janye da rani, takan nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa daidai bakinta. A nan take kwana watanni har damina ta faɗi, in ba a haƙo ta da fartanya ba. Hausawa kan ce jikinta take ci.

A 1839 Richard Owen na Ingila ya bayyana ta a rubuce daga wadda aka kamo a Kogin Gambiya. Masanan Turai suka yi ta gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗo. Owen ya tsaya kan kifi. A 1930 Homer Smith, Ba'amurke, ya buga bincikensa kan 'yar'uwarta ta Gabashin Afirka: aikin jikinta yakan lafa ƙwarai, tana rayuwa da tsokarta, dattin da ya kamata ya fita da fitsari yana taruwa a jiki sai ruwa ya dawo. Ashe zancen Hausawa ba tatsuniya ba ne, ba dai da baki take cin jikin ba.

Numfashi ta fata kuwa, an auna shi a wani kifin Turai mai siffar maciji, Anguilla. August Krogh na Denmak ya fara a 1904, sannan Berg da Steen suka nuna a 1965 cewa a tudu kusan kashi 60 cikin 100 na oksijin ɗinsa ta fata yake shiga. Babu wannan kifi a Rima. Ita gaiwa da huhu take samun yawancin oksijin, gurɓatacciyar iskar kuma ta mashaƙa da fata take fita muddin tana ruwa.

A 2021 masana a Sin suka karanta kundin ƙwayoyin halittarta, suka tarar ya ninka na ɗan Adam fiye da sau goma.