Percy Girouard da layin dogon da ya karkato kasuwancin Muniyo zuwa kudu

Jirgin ƙasa bai taɓa isa Gure da ke ƙasar Muniyo a gabashin Nijar ba, haka ma Damagaram. Amma duk mai nazarin tattalin arzikin ƙasar Muniyo a ƙarni na ashirin sai ya bi ta kan wani injiniyan reluwe da ya yi mulki a ƙetaren iyaka, Sir Percy Girouard. Hujjar wannan maƙala ita ce layin da ya shimfiɗa domin amfanin Ingila ya juya akalar fatauci har a yankin da Faransa ke iko da shi.

An haifi Girouard a Montreal ta Kanada a 1867. Ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya fara aiki da kamfanin Canadian Pacific, sannan ya shiga rundunar injiniyoyin Ingila a 1888. A Sudan sunansa ya fito: a 1897 ya ratsa hamadar Nuba da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, abin da ya ba kwamandan yaƙin, Kitchener, damar kai sojoji da makamai har ya ci Umdurman a 1898. Daga nan ya shugabanci reluwen Masar, ya kuma riƙe jiragen ƙasan soja a yaƙin Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902. A fagen yaƙi ya koyi sana'arsa, inda sauri da araha suke gaba da komai.

Da wannan tunani ya gaji Lugard a mulkin Arewacin Najeriya a 1907. Maimakon ba 'yan kwangila, sai aka danƙa aikin layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356, ga ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin John Eaglesome. Arahar kuwa a wuyan talaka ta sauka. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar 'yan diga daga ƙauyuka, suna saran daji, suna dakon ƙasa a kwando, ana biyansu da tsabar kuɗin Bature da za su koma aljihun gwamnati a matsayin haraji. Girouard ya tafi Gabashin Afirka a 1909, layin ya isa Kano a 1911.

Masu masaƙun Ingila auduga suka sa rai jirgin zai kwaso musu. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, fatake irin su Alhasan Ɗantata suka shiga sayenta, har dalar gyaɗa ta zama alamar birnin.

A nan ne labarin ya shafi Gure. Tun da daɗewa ayarin raƙuma ke haɗa Kano da Damagaram da Tarabulus, ana kai fatu da gashin jimina arewa. A shekarar da jirgi ya iso Kano, Italiya ta afka wa Tarabulus, hanyar da tuni ta raunana ta ƙara mutuwa. Da reshen layin ya kai Nguru a 1930, Mangawa da Hausawa da Fulanin Muniyo suka sami tasha a kudu da su. Shanu da kanwa da ƙaro da gyaɗa suka riƙa gangarawa can a ƙafa ko bisa raƙuma da jakuna, a loda su a tarago zuwa Kano da Legas. Faransawa sun mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, amma kasuwar gabashin Nijar kudu ta ci gaba da fuskanta.

Ana iya cewa an ba Girouard fiye da rabonsa, tunda shekara biyu kawai ya yi a Arewa, kuma ba shi ya gina reshen Nguru ba. Gaskiya ne. Sai dai gangar jikin da rassan Ƙaura Namoda da Nguru suka tsiro daga gare ta a zamaninsa aka fara ta, kuma manufar ba ta sauya ba: a kwashe amfanin gona zuwa bakin teku.

Girouard ya ajiye muƙamin gwamnan Gabashin Afirka a 1912 bayan taƙaddama kan tayar da ƙabilar Masai daga ƙasarsu, ya rasu a Landan a 1932. Sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka tsara ya ƙetare iyakar da layin Nguru ya tsaya bai kai ba.