'Yan Daudu, Kanjamau Da Ƙin Sani: Waiwaye Daga Funtua Da Malumfashi

A wannan makon zan taɓo wani babi na tarihinmu da ba a cika son buɗewa ba, wato tarihin 'yan daudu da maza masu neman maza a ƙasar Hausa, da abin da ya same su tun da cutar kanjamau ta shigo. Hukuncin addini kan luwaɗi sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, ba kuma shi ya kawo ni ba. Tambayata ita ce, idan irin wannan mutum ya kwanta ciwo, ina yake zuwa, kuma wa yake duba shi?

Bari mu fara daga Malumfashi. A shekarun 1970 garin ya yi suna a duniyar likitanci, domin a nan ne masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka kafa wani babban aikin bincike. Sun bi ƙauyuka suna ƙidayar jama'a, suna auna yawan masu zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da waɗanda maciji ya sara. Hikimar aikin ita ce, ba a iya yaƙar cuta sai an san wanda take kamawa da inda yake zaune.

Kafin su kuma, wani Bature masanin tarihi, Murray Last, ya zauna cikin Maguzawan yankin daga 1969 zuwa 1972. A 1981 ya fitar da wata maƙala kan yadda mutanen ƙasar Malumfashi ke neman magani, inda ya nuna cewa rashin sani, kai har ma da ƙin son a sani, ya zama wani ɓangare na al'adar jinya a wurin. Mara lafiya yakan sirranta abin da ke damunsa, mai magani yakan sirranta abin da ya haɗa, 'yan uwa kuma ba su cika bin diddigi ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Funtua ita ce babbar kasuwar wannan yanki na noma. Tun da jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga, sai garin ya zama matattarar fatake da 'yan dako da direbobi da 'yan cirani. Manyan hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari duk a nan suka haɗu. To duk garin da ke tara baƙi maza masu kwana nesa da iyalinsu, dole ya nemi mai dafa musu abinci. A manyan tashoshin Arewa, wani kaso na wannan sana'a yana hannun 'yan daudu. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 zai tuna su da zani ɗaure a kan riga, suna tuƙa tuwo, suna soya kaji, suna zuba habaici ana dariya.

Su wane ne su? Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki magana da tafiya da sana'ar mata. Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga iskokin bori, wanda ake yi wa kirari da Daudu. Wata Baturiya, Renée Pittin, da ta yi bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta bayyana yadda suke zaune a gidajen mata masu zaman kansu, suna sayar da abinci, wasu kuma suna kawalci. Shi kuwa Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa a 2009, ya nuna abubuwa biyu masu muhimmanci ga batun lafiya. Na farko, ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, sannan da yawa daga waɗanda suke kiran kansu "masu harka" ba 'yan daudu ba ne, maza ne da ba za ka taɓa zarginsu ba. Na biyu, da yawansu suna da mata da 'ya'ya.

Ba wai a da an amince da su ba ne. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan luwaɗi, ta kuma sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Amma a aikace an fi yi musu kallon abin dariya da abin Allah-wadai, ana cin tuwonsu ana zaginsu. Suna kuma da nasu tsarin taimakon juna. Babban ɗan daudu, wanda suke kira uwa, shi ke riƙe ƙananan da iyaye suka kora, ya koya musu girki. Idan wani ya shiga matsala sukan haɗa biki a yi masa liƙi. Wannan shi ne gatan da suke da shi idan ciwo ya zo.

A 1986 aka bayyana samun mai kanjamau na farko a Nijeriya. Gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa kashi 5.8 a 2001. Duk faɗakarwar wancan lokaci, a rediyo da allunan bakin titi, ta tsaya ne kan karuwai da direbobin manyan motoci da askar wanzami. Ba a ambaci namiji da namiji ba, har wasu masu harka suka ɗauka cewa cutar daga mata kawai ake ɗaukarta. Alhali kuwa a likitance wannan hanyar ta fi saurin yaɗa ƙwayar cutar idan babu kariya.

Ana cikin haka ne Shari'a ta dawo. Zamfara ta fara a Janairun 2000, Katsina ta bi a watan Agusta na wannan shekara. Yankinmu ma ya shiga bakin duniya a 2002, lokacin da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, babbar kotun Shari'a ta Funtua ta tabbatar, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta wanke ta a Satumbar 2003. A 2005 wata kotu a birnin Katsina ta tsare wasu maza biyu na tsawon watanni kan zargin luwaɗi, daga bisani ta sallame su saboda rashin shaidu. A faɗin jihohin Shari'a an rufe gidajen mata, an hana wasannin bori a fili. 'Yan daudu suka watse, wasu suka nufi unguwannin gefen Abuja, wasu suka ajiye zani suka saje da jama'a. Wato a daidai shekarun da cutar ta fi ƙamari, a lokacin ne mutanen da ya kamata a fi nema da gwaji suka ɓace wa ido, tsarinsu na taimakon juna kuma ya raunana.

Sai a 2007 gwamnatin tarayya ta fara ƙidayar maza masu neman maza cikin bincikenta na kanjamau, a jihohin Legas da Kano da Kuros Riba. Sakamakon ya nuna kashi 13.5 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar cutar. A 2010 adadin ya kai 17.2, a 2014 ya kai 22.9, a 2020 ya kai kimanin 25. A gefe guda kuwa, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna cutar ta sauka zuwa kashi 1.4 a tsakanin manya, Katsina ma tana cikin jihohi mafi ƙaranci da kashi 0.3. Cuta tana raguwa a wajen kowa, tana ƙaruwa a wajen rukuni ɗaya.

Masu fafutukar kula da lafiyarsu sun fara ne daga nesa da mu. Ƙungiyar Alliance Rights Nigeria ta taso a Ibadan a 1999, Dorothy Aken'Ova ta kafa INCRESE a Minna a 2000, TIERs ta biyo baya a Legas a 2005. Hanyar da suka bi mai sauƙi ce: a horar da ɗaya daga cikinsu ya riƙa kai wa abokansa kwaroron roba da bayani, ya raka su wurin gwaji da karɓar magani inda ba za a tona musu asiri ba. Akasarin irin waɗannan cibiyoyi a manyan birane suke, nesa da manomin Bakori ko Ƙafur.

A ranar 7 ga Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Ban da shekara 14 ga masu auren, ta tanadi shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiyarsu. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar likitanci ta Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano cewa jin tsoron zuwa asibiti a tsakanin waɗannan maza ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar. Abin mamaki, a wannan shekara ta 2014 ne kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da kanjamau, da dokar lafiya ta ƙasa wadda ta wajabta wa ma'aikacin asibiti riƙe sirrin mara lafiya. Sannan a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, wanda shi ke ɗauke da babban kaso na wannan aiki ta shirin PEPFAR. Da aka sassauta, maganin masu ɗauke da cutar ya ci gaba, amma maganin rigakafi sai aka taƙaita shi ga mata masu ciki da masu shayarwa.

To mu koma ga maganar Murray Last. Mutumin da ke tsoron asibiti, kemis yake zuwa ya ce basir ne ko ciwon sanyi, ko ya nufi mai maganin gargajiya. Idan ya rame a ce sammu ne, idan ya rasu a ce gajeriyar rashin lafiya. Kowa ya zaɓi kada ya sani. Amma shi wannan mutum yana da mata a gida, matar tana da goyo, idan ta fita takaba kuma wani zai aura. Alhali tun 2006 maganin rage kaifin cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma bincike ya tabbatar da cewa wanda ke shan sa a kan kari har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa.

Likitocin da suka zo Malumfashi a shekarun 1970 sun ƙidaya Musulmi da Bamaguje, domin aikinsu shi ne su san mai ciwo. Abin da nake roƙon ma'aikatan lafiyarmu na Funtua da Malumfashi ke nan: wanda ya shigo da ciwo a duba shi, a rufa masa asiri kamar yadda doka ta ce. Mai karatu kuma, idan kana da ɗan uwa da kake zargi, ka ja shi gefe ka ba shi shawarar gwajin jini kafin ka ba shi labarin wuta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.