Rubutun ado na hannu

Rubutun ado na hannu salo ne na rubutu da ake zana haruffansa da hannu domin jan hankalin mai kallo. Ana amfani da shi a allunan shaguna, jikin motoci, katin gayyatar biki da tallace-tallace. Haruffansa kan zama masu kauri ko lanƙwasa, wani lokaci da inuwa ko launi biyu. Ba a rubuta littafi ko dogon bayani da shi, domin yana gajiyar da ido.

A ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan kwamfuta, masu fenti ne ke wannan aiki da buroshi da fentin mai. A garuruwa irin su Kazaure, da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, da Babura, Roni da Gwiwa, ana ganinsa a ƙofar teloli, shagunan aski da masu sayar da magani. Direbobin manyan motoci da 'yan adaidaita sahu kuma sukan sa a rubuta musu karin magana ko addu'a a bayan abin hawansu. A yau masu buga bana da na'ura sun karɓe wani ɓangare na sana'ar.

A kwamfuta

Masu tsara haruffa sun kwaikwayi rubutun hannu a kwamfuta. Sananne a cikinsu shi ne Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa kamfanin Microsoft a shekarar 1994. A ɓangaren ajami, ƙungiyar SIL International ta fitar da Alkalami, wanda aka gina a kan salon rubutun hannu na Kano, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa

Rubutun boko na Hausa yana da ɓ, ɗ da ƙ, sai ƴ da ake amfani da ita a Nijar, inda Najeriya ke rubuta 'y. Duk suna cikin tsarin Unicode, amma da yawa daga haruffan ado na kwamfuta an zana su ne don harsunan Turai, ba su ɗauke da waɗannan. Idan aka buga kalma mai ƙ, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo daban ko ta nuna ɗan akwati. Saboda haka wasu masu zane kan sa k kawai.

Wannan yana iya sauya ma'ana. Baƙi da baki kalmomi biyu ne, haka faɗa da fada. Mai fenti ba ya fuskantar wannan cikas, domin da buroshinsa yake ƙara lanƙwasar. Shi ya sa ake shawartar mai zane a kwamfuta ya fara gwada salon da kalmomi irin su ɗinki, ƙosai da ɓawo, manya da ƙanana, kafin ya kai aiki wurin bugawa.