Ramin laitar sigari da ya zama wurin cajin kwamfuta

Jama'a, wannan ramin da muke cusa caja a gaban mota, mutum nawa a cikinmu suka san ba don caji aka yi shi ba? Wurin kunna sigari ne. Shi kansa batirin da ke bayansa ba don ya raya laftof aka ƙera shi ba. Masu kwanan daji da mota, irin 'yan safiyo, masu haƙar rijiyar burtsatse, ma'aikatan rigakafi da 'yan jarida, ya kamata su san wannan tarihin, don a cikinsa ake gane dalilin da mota ke ƙin tashi da asuba bayan an kwana ana caji.

A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya haɗa batir na dalma da ruwan asid, na farko da ake iya sake yi wa caji. A lokacin ko motar fetur babu. Da motocin suka zo ma, da hannu ake tayar da su: a zura ƙarfe a gaban inji a yi ta juyawa, in injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo ya karya hannun mutum. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, aikin Charles Kettering. Tun daga ranar aikin batirin mota ya zama guda ɗaya: ya saki wuta mai ƙarfi ƙwarai na daƙiƙa biyu ko uku, inji ya kama, sannan injin ya mayar masa da abin da ya kashe.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Don ya iya wannan zabura, sai aka cika cikinsa da faifan dalma sirara masu yawa. Sirarin faifai ba ya son a tatse shi a hankali har ƙasa. In aka yawaita yi masa haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin dalmar, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya dawowa kamar da. Batirin sola akasin haka ne, faifansa masu kauri ne, an yi shi don a sha shi sannu a hankali a sake cikawa. A ido kusan kamarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban.

Da can wutar mota bolt 6 ce. A shekarun 1950, da injuna suka ƙara girma, kamfanonin Amurka suka koma bolt 12. Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru ita ce ta yi taurin kai, sai wajen 1967 ta bi sahu. Laitar sigari kuwa tun shekarun 1920 ta shiga mota, kuma a shekarun 1950 ɗin ta ɗauki siffar da muka sani: a danna, zaren ƙarfen ciki ya yi ja, ta fallo da kanta. Wato rami ne da aka tsara ya riƙe abu na 'yan daƙiƙu. Shi ya sa har gobe caja ke yin sako-sako a ciki in an hau hanya mai gargada, wani lokacin ma bakinta ya yi zafi. Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka fara cire laitar da tokarta, amma ramin ya zauna, aka yi masa murfi aka rubuta 12V.

Mu ma a nan ba baƙin abin ba ne. Wanda ya tashi a ƙauye ya san zamanin da ake kallon talabijin baƙi da fari da batirin mota, in hoto ya fara tsukewa a ɗora shi a keke a kai gari caji. Waɗancan batura ba sa daɗewa, kuma dalilin shi ne wanda na faɗa a sama. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai ramin laita ya samu sabon aiki gadan-gadan.

To bari mu yi lissafi. Batirin da aka rubuta wa 60Ah, a takarda yana ɗauke da wutar da za ta ba da wat 720 na awa guda. A takarda fa na ce, kuma yana sabo. Zafin ƙasarmu yana saurin tsufar da batir. Abin da za ka iya ɗiba ba tare da ka cutar da shi ba bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, wajen 140 ke nan. Waya tana shan 15 zuwa 20, wannan ba matsala. Laftof kuma tana shan 50 zuwa 60 a cika ɗaya. In ka bi ta inbata, wato ka ɗaga bolt 12 zuwa 230 sannan cajar laftof ta sake sauke shi zuwa 19 ko 20, wani kaso ya tafi a zafi a banza. Cika biyu, ka kai iyaka. Ƙara fanka da fitila a kai, ka ga inda aka nufa.

A ganina inbata don laftof kaɗai wahala ce. Tun da USB-C ya fito a 2014, akwai cajar mota da ke ɗaga bolt 12 kai tsaye zuwa 20, ba zagaye-zagaye. Sai dai a duba fis: yawanci na ramin amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180, kada a rataya masa abin da ya fi haka. Direbobin tirela kuma ku lura, wutar manyan motoci bolt 24 ce, ba kowace caja ke ɗaukarta ba.

Mafi sauƙi, a yi cajin komai lokacin da ake tafiya inji na aiki, a cika fawa banki, da dare a bar batirin mota ya huta. Wanda kwanan daji ya zame masa sana'a, ya sayi batir na biyu irin na sola ya ware shi daban. In dole sai an kunna inji a zango, to kada salansa ta fuskanci tanti ko wurin barci, iskar da ke kashe mutum a cikin hayaƙin nan ba ta da wari.

A tuna kuma, mai giyar hannu in batir ya mutu mutum uku za su tura ta ta tashi. Otomatik kuwa, ko ƙauyen duka suka fito, sai dai a jira wata motar da wayar jan wuta.