Tarzomar Cikago ta 1919 da Aikin 'Yan Sanda

Cikago babban birni ne a ƙasar Amurka, a bakin wani tafki da ake kira Mishigan. A zamanin yaƙin duniya na fari, baƙar fata suka yi ta tasowa daga kudancin ƙasar suna kwarara cikinsa neman aiki, galibi a mahautar birnin da maƙeran ƙarfe. A 1910 yawansu bai wuce 44,000 da 'yan kai ba, amma kafin 1920 sun haura 109,000. Aka cushe su a unguwa guda, kudu da tsakiyar gari.

Ran Lahadi 27 ga Yuli 1919 ana tsananin zafi, mutane suka fita wanka bakin tafki. Ba dokar da ta raba ruwan, al'ada ce kurum ta ce nan wurin farare, can wurin baƙaƙe. Wani saurayi baƙi ɗan shekara 17, sunansa Yujin Wiliyams, ruwa ya janye shi da abokansa zuwa wajen farare. Sai wani Bature da ke tsaye a gaɓa ya dinga jifansu da duwatsu, har yaron ya nutse ya mutu. Jama'a suka nuna wa ɗan sandan da ke wurin, shi ma Bature, suka ce ga mai jifan nan. Ya ƙi kama shi. Jim kaɗan wani fari ya kawo ƙarar wani baƙi, nan take ya kama wannan. Daga nan wuta ta tashi.

Aka yi kwana bakwai ana ɗauki ba daɗi. Mutum 38 suka mutu, 23 baƙaƙe, 15 farare, 537 suka yi rauni, wajen mutum 1,000 suka rasa wurin kwana.

To, ku 'yan makaranta da kuka iya lissafi, ga abin da muke so ku auna. Cikin masu raunin nan, kusan kashi biyu cikin uku baƙaƙe ne. Amma da aka duba waɗanda aka kama, sai aka tarar baƙaƙe 154, farare 75. Watau waɗanda suka fi shan duka su ne kuma suka fi cika kurkuku. Mutum 7 suka mutu a hannun 'yan sanda, dukansu baƙaƙe, ba fari ko ɗaya.

Mu a ganinmu babban son kai ma ba a harbin yake ba, yana wajen rabon 'yan sandan. Kusan duk an tattara su an zuba a unguwar baƙaƙe da kewayenta, kamar can ne kaɗai ake ɓarna. Alhali kuwa wajen mahauta, inda tilas leburori baƙaƙe su ratsa unguwar farare kafin su kai wurin aiki, nan aka fi zub da jini. Samarin farare masu fakewa da sunan ƙungiyar wasanni suna tare motar haya mai tafiya bisa dogo, su jawo mutum su yi masa rubdugu, ɗan sanda bai iso ba sai an watse, sa'an nan ya ɗauki wanda aka jikkata. Da ya ke ba a kama kowa ba, ba sunan da zai shiga takarda.

Daren Laraba aka fito da soja wajen 6,000, ruwan sama kuma ya sauko, gari ya fara lafawa. An shaidi sojan nan da cewa ba su duba launin kowa ba.

A Amurka akan zaɓi waɗansu mutanen gari su duba ƙararraki kafin a kai gaban alƙali. Waɗanda aka zaɓa a wannan karo farare ne, amma da suka ga ƙarar baƙaƙe kurum ake ta jero musu, sai suka ce sun daina zama sai an kawo ta farare. Gwamnan jihar kuma ya naɗa mutum 12, farare 6, baƙaƙe 6, su bincika, suka fid da littafinsu a 1922, suka tabbatar 'yan sanda sun nuna bambanci wajen kamu. Mai jifan nan an kai shi shari'a, aka sallame shi. Ɗan sandan bakin tafki kuwa an dakatar da shi, daga baya aka mayar da shi bakin aikinsa.