Bin Sawun Asali: Daga Tumbutu Zuwa Jega



Mutum nawa ne a cikinmu zai iya jero sunayen kakanninsa har bakwai bai yi tuntuɓe ba? Yawancinmu daga kakan kaka sai mu ce Allahu a'alamu. Shi ya sa yau na ɗauko tarihin yadda Yahudawa suke binciken asalin gidajensu. Siyasa mu ajiye ta gefe, dabarar binciken muke so, don mu gwada ta a Jega da Aliero da Maiyama.

Yahudawa mutane ne da suka warwatsu a duniya, amma duk inda suka sauka suna barin takarda. Takardar aurensu tana ɗauke da sunan ango da amarya da na iyayensu maza, dutsen kabari yana ɗauke da sunan mamaci da na mahaifinsa. A wata majami'arsu da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, akwai ɗakin da suke zuba tsofaffin takardu maimakon su yar, don kada a wulaƙanta sunan Allah. A tsakanin 1896 da 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashi guntaye kusan 200,000 daga ɗakin ya kai Jami'ar Cambridge a Ingila. Da aka duba, sai ga wasiƙun fatake, takardun aure da na saki, har da lissafin bashi. Da su aka gano yadda gidaje da dama suka rayu shekaru kusan dubu da suka wuce. Mu ma ba ma yar da takarda mai bisimilla, don haka gafakar kakanka da tsohuwar adakar da ke ɗakin malam irin wannan taskar ce.

Sun kuma sha wahalar da muke sha wajen suna. A da wane ɗan wane kawai suke cewa, sai a 1787 Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya tilasta wa Yahudawan ƙasarsa ɗaukar sunan gida na dindindin. A sassan Turai da yawansu sun ɗauki sunan gari ko na sana'a. Haka makarantar boko ta yi mana, aka samu su wane Jega, wane Aliero. Sunan gari yana nuna inda mutum ya tashi ne kawai, bai faɗi inda kakansa ya fito ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a cikinsa, an kafa cibiyar Yad Vashem a birnin Ƙudus a 1953. Tana raba takarda, kowace ɗaya ta mutum guda: sunansa, garinsu, iyayensa, da wanda ya ba da shaida a kansa. Da wannan hanya da sauran takardu an tara sunaye sama da miliyan huɗu da rabi. Ku lura da sharaɗin: kowane suna da mai shaidarsa.

Labarin ya matso kusa da mu. Shaihu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga yankin Tuwat ya fito, inda a wajajen 1492 ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit. Daga baya Askiya Muhammadu na Songai ya hana su ciniki a ƙasarsa. Duk da haka a wajajen 1860 wani Bayahude ɗan Maroko, Mordechai Abi Serour, ya zauna a Tumbutu yana kasuwanci. A 1993 masanin tarihi Ismael Diadié Haidara ya kafa ƙungiyar Zakhor a Tumbutu, ma'ana ka tuna, domin gidajen Musulmi da ke danganta kakanninsu da Yahudawa. A 1999 ya fitar da littafi da ya tattara takardun cinikin Yahudawa a birnin a ƙarni na 19. Bai tsaya ga "an ce" ba, takarda ya nemo.

To mu dawo gida. Tarihin Jega yana farawa ne da Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna da jama'arsa a Gimbana. A ƙarshen 1803 dakarun Yunfa Sarkin Gobir suka afka wa Gimbana suka kama mutane. Kwance waɗannan kamammu da jama'ar Shehu suka yi a kusa da Degel yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware a farkon 1818, ya rasu a Bakura sakamakon rauni. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajajen 1820, ƙarƙashin Gwandu, kuma zuriyar jama'arsu su ne Gimbanawa.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, Buhari biyu ne a yankin a lokaci guda: na Jega ɗan Abdussalami, da na Tambuwal ɗan Shehu. Wanda ya ji tsohuwa ta ce "mu jikokin Buhari ne" bai tambayi wane Buhari ba, zai ɗora gida a kan harsashin wani. Na biyu, abin da aka rubuta kan saɓanin Kware, kamar Sard al-Kalam, daga alƙalamin Bello ya fito. Mai bincike sai ya haɗa da abin da gidajen Gimbanawa suka riƙe a baki, ya faɗi wanda ya ce me.

Sannan kasuwar Jega ta tara Nufawa, Yarbawa, Zabarmawa da fataken goro masu zuwa Gwanja. Da yawa sun yi aure sun zama 'yan gari. Wasu kuma bauta ce ta kawo kakanninsu. Idan bincike ya kai ka nan, ka nemi yardar masu gida kafin ka buga, domin mutuncin rayayyu ne a hannunka.

Shaidarmu ba takarda kaɗai ba ce. Tsagar fuska tana bambanta Bakabe da Bagobiri da Ba'are, ga shi tana ƙarewa da tsofaffi. Wasan barkwanci, irin na Kabawa da Katsinawa, yana nuna wa ake ɗaukar ka. Sana'ar gado ma salsala ce: a Aliero, ka tambayi mai ɗori wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan. A Maiyama ko Mungadi ko Andarai, jerin masu unguwa da limamai zai taimaka maka ka kimanta shekaru. Bayan nan sai takardun rabon gado na kotunan alƙalai, da rahotannin haraji na zamanin Turawa a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Kusan kowane gida yana son asalinsa ya fito daga Gabas, ko Bagadaza ko Misra ko Yaman. Ka rubuta wannan a matsayin abin da gidan yake faɗa, ka ware shi daga abin da ka tabbatar.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya sami mafi tsufa a gidansu, musamman mata, don su suka fi riƙe dangin uwa. Ka ɗauki muryarta a waya, ka rubuta sunanta da ranar hirar, ka tambayi tsoho na biyu shi kaɗai, sannan ka gwada maganganun. Mako mai zuwa kowa ya zo mana da shafi ɗaya, kowane suna da mai shaidarsa.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama lafiya.